Baƙon Gidan Zazzagawa a Salaga

Duk lokacin da motar doya ta tsaya a bakin kasuwar Sabon Gari, 'yan dako suka jeru suna miƙa wa juna doya hannu da hannu, sai in ga na rage sauri ba tare da na sani ba. Matata ta gane wannan halin nawa, takan ce, "Shi ke nan, Baban Rifkatu ya tafi Gana." Ba ta yi ƙarya ba. Yanzu ina da ɗan shagon irin shuka da maganin ƙwari a Samaru, furfura ta fara leƙowa a gemu, amma wata bakwai ɗin da na yi a Salaga sun ƙi tsufa a raina. Ina kewar garin nan sosai, duk da cewa saura ƙiris in bar ƙasusuwana a can.

Sunana Dauda Yohanna, haifaffen Dogarawa a Zariya. Na yi diflomar aikin gona a Samaru, na yi shekara uku ina yawo da ita a fayil daga ofis zuwa ofis har gefen takardar ya fara cinyewa. Sai wani mutum da muke kira Oga Filibus ya zo da labarin wata babbar gona kusa da Tamale a ƙasar Gana, wai ana neman irinmu ruwa a jallo. Mu biyar muka bi shi. Ba zan gajiyar da ku da yadda aka yi sallama ba. Abin da ya kamata ku sani kawai shi ne Mama ta sayar da keken ɗinkinta saboda tafiyar, zumuntar matan cocinmu kuma ta yi mini addu'a a gaban ikilisiya duka.

A kan gadar Gaya, inda muka bar Nijar muka shiga Benin, na fara jin lallai na bar gida. Tun daga Kamba nake haddar Faransanci daga wani ɗan littafi da na saya a Samaru, don kada a raina mini wayo. Muna sauka a Malanbil na nufi wata mai abinci, na gyara murya, na jero mata duk abin da na haddace. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan Najeriya, tuwo za ka ci ko shinkafa?" Abokan tafiyata suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Littafin nan ban sake buɗe shi ba, daga baya ma da shi na riƙa yin fifita.

A Jugu Oga Filibus ya nuna mana halinsa. Mutum ne mai sa kwat cikin zafin rana, kowace magana ka kawo masa amsarsa ɗaya ce, "No wahala." Ya tattara takardun makarantarmu da guzurin da ya rage mana, ya ce za a buga musu hatimi a wani ofis kafin mu shiga Togo, mu jira shi a gindin wani mangwaro a tasha. Muka jira. Inuwa ta bar mu ta koma ɗaya gefen, muka tashi muka bi ta. Kwana biyu muna bin inuwar mangwaron nan. Ina jin har yau hatimin ake bugawa.

Abokaina huɗu suka nemi hanyar komawa. Ni kunya ce ta hana ni. Yaya zan shiga Dogarawa bayan kwana biyar, in haɗa ido da matan da suka ɗora mini hannu a ka, in wuce ta wurin da keken Mama yake a da? Allah ya sa katin tafiyata yana cikin safa, Filibus bai kai nan ba. Na ce gaba zan yi, ko gonar nan tana bayan duniya.

Wani direban babbar mota ne ya tausaya mini, Bazabarme mai suna Isaka, ya ɗauko albasa zai kai Yandi a ƙasar Gana. Ya ce in hau, in riƙa taya shi hira kada barci ya ɗauke shi, kuɗin motata ke nan. Amma shi ya yi hirar, ni dai "to" da "ashe" kawai nake sakawa.

"Ka san sunan hanyar nan?" in ji shi.

Na ce ban sani ba.

"Kuma ka ce ka yi boko! Hanyar Gwanja ce wannan. Kakana da jakuna ya bi ta, ya kai kanwa da tufafin Kano, ya dawo da goro. Wata uku zuwa, wata uku dawowa, in Allah ya tsare shi daga 'yan fashi da sarakuna masu karɓar fito."

Ya riƙa nuna mini garuruwa. Ya ce in lura, duk inda manyan motoci ke tsayawa yau, nan ayarin fatake ke yada zango a da, saboda nan ruwa yake. Kwalta ce kawai ta zo ta kwanta a kan sawun jaki. Ko'ina muka tsaya akwai unguwar da ake kira Zango, akwai mai shayi, akwai mai tsire, akwai wanda zai ce maka sannu da hanya. A makaranta an koya mana raƙuma da Sahara don mu ci jarrabawa, amma ba malamin da ya taɓa gaya mini cewa akwai hanyar da ta bi ta ƙofar garinmu ta kai Hausa har Gana da ƙafa.

Da ya tambayi sunana, sai na ce, "Dauda." Sauran na haɗiye. Na taso a garin da idan ya rikice akan tare mutum a titi a tambayi sunansa, kuma amsar da ya bayar ce za ta sa ya kwana a gida ko kada ya kwana. Tun muna yara mun san lungun da za mu bi daga makaranta da wanda ba za mu bi ba. Maƙwabtanmu Musulmi sun taɓa ɓoye mu, mu ma mun taɓa ɓoye nasu, amma tsoron bai taɓa barin jikinmu ba. Dauda suna ne mai shiga ko'ina, coci da masallaci. Yohanna kuwa ba ya ɓoyuwa. Idan Isaka ya tsaya salla sai in ce zan tsare mota, shi kuma bai matsa ba.

Daga Yandi na ƙarasa Tamale. Kwana uku ina neman gonar Oga Filibus, har takalmina ya buɗe baki. Babu ita, babu wanda ya taɓa jin sunanta. Wani mai shayi a tasha, wanda ya ga na daɗe ina kallon biredinsa, ya yanko mini ya tura gabana. Da ya ji daga Zariya nake sai ya ce, "To me kake yi a nan? Tafi Salaga ka tambayi gidan Zazzagawa. Yanzu lokacin doya ne, ana neman hannu." Shi ya roƙi wani direba ya ɗauke ni.

Na zaci zan ga babban birni, saboda yadda Isaka ya yi ta zuzuta Salaga. Sai na tarar da gari mai sanyin jiki, awaki na kwance a tsakiyar titi. Gidan Zazzagawa tsohon gini ne mai faɗin zaure, da ɗakuna a jere kamar barikin reluwe. A zauren na samu Baba Alhasan, dogon tsoho, ido ɗaya ya yi yana, yana zaune a kan buzu. Na durƙusa na gaishe shi na faɗi daga inda nake. Sai ya ajiye carbinsa ya kama hannuna da hannu biyu.

"Daga Zariya? Zariya ta Zazzau? Adisa! Kawo ruwa, mutanen gida sun zo!"

Shi bai taɓa taka Zariya ba. Kakansa ne ya zo da ayari, ya ga wuri ya zauna, ya zama maigida, wato mai saukar da fatake. Baba ya gaji aikin, sai dai yanzu ba goro, masu sayen doya da Fulanin shanu ne baƙinsa. Ya bayyana mini ƙa'idar gidan tun ranar farko. Baƙo yana da ɗaki. Kwana uku zai ci ya sha ba a tambaye shi komai. Kayansa a ƙarƙashin gadon maigida suke kwana. In ya shiga rigima, maigida ne zai tsaya masa a gaban sarki ko 'yan sanda. Daga nan ya miƙo mini wata buta mai ratsin kore da fari, ya ce tasa ce, in riƙe har in samu tawa.

A nan ya kamata in yi magana. Na sani, kuma tun a lokacin na sani. Amma ga ɗaki, ga ƙamshin miya yana fitowa daga cikin gida, ga ni ban da ko sisi, ban san kowa ba a ƙasar. Na sa hannu biyu na karɓi butar na ce na gode.

Ƙarya kuwa aiki ce, ta fi dakon doya wahala. Na ce wa Baba ni a masallacin kasuwa nake salla, don ya fi kusa da wurin aiki. Da asuba kafin a kira na riga na fice. Sauran lokuta, in kiran salla ya same ni a gida, sai in ɗauki butata in fita da sauri kamar mai gudun rasa jam'i, in zagaya bayan gari inda tsofaffin rijiyoyi suke, in zauna a bakin ɗaya har in ƙiyasta an idar. Abu ɗaya na riƙe, ban taɓa shiga sahu na yi wasa da sallar mutane ba. Da wannan nake lallashin zuciyata, ita kuma ba ta lallasuwa.

Ranar Lahadi ta fi kowace rana ciwo. Akwai wani ƙaramin coci a ɗaya gefen garin. Sukan rera wata waƙa da harshensu, amma muryar waƙar irin tamu ce sak, wadda Mama ke yi tana tankaɗe. Nakan laɓe a bayan wata bishiya in bi su da Hausa a hankali, hawaye na zuba, ba na iya shiga don kada wani ya gan ni ya kai labari. In na samu na kira Mama a waya sai in ce mata aiki lafiya, gona ƙatuwa ce, coci ma ina zuwa. Ita ma nata kason ƙaryar ke nan.

Duk da haka kwanakin nan sun yi mini daɗi, kuma su nake kewa. Na fara da dakon doya, har ranar da na ga ƙwari sun kama masarar Baba a rumbu, na nuna masa yadda za a shanya ta a gyara rumbun. Daga ranar ya shiga yawo da ni a gari yana cewa, "Ga Bazazzagina mai ilimi." Matarsa, Mma Adisa, koko da ƙosai take sayarwa a ƙofar gida, nawa kullum da ƙari. Akwai tuwon zafi, akwai shinkafa da wake da ake dafawa da kanwa da karan dafi har ta yi ja, kuma mutanen gari da ba sa jin Hausa ko kaɗan da sunan Hausa suke kiran abincin nan. Hausar Zango kuwa, mu da Kanawa ke tsokana cewa Zazzagawa ba mu raba mace da namiji a magana, da sun zo nan da sun ba mu haƙuri.

Bayan la'asar mukan zauna a zaure, Baba ya ce, "To, ba ni labarin gida." Ganuwa tana nan? Dutsen Kufena fa, da gaske ana hango shi daga nesa? Ana rini har yanzu? Ni ɗan Sabon Gari, shigata cikin birni ba ta wuce a ƙirga da yatsu ba, amma ba na so in ba shi kunya. Inda na sani in faɗa, inda ban sani ba in yi masa gini. Na ɗaga ganuwar nan har ta fi ta gaske tsawo sau biyu. Yakan lumshe idonsa mai gani yana gyaɗa kai, ya ce haka kakansa ya faɗa.

Wata rana ya kai ni tsohuwar kasuwa. Ya nuna mini inda ake jibge huhunan goro da suka fito daga kurmin kudu, da inda jakunan Hausa ke sauke kaya, da inda malamai ke zama suna rubuta wa fatake wasiƙa. Ya ce rijiyoyin da ke bayan gari don ayari aka haƙa su. Sai ya tsaya a wani fili.

"Ba goro kaɗai aka sayar a nan ba, Dauda. An sayar da mutane. Wasu rijiyoyin, a nan ake musu wanka don su yi kyan gani. Kakana ya saukar da masu wannan ciniki, a ɗakin da kake kwana ma. Ba na ɓoye maka, don gidan ka shigo, ya kamata ka san gidan."

Na kasa haɗa ido da shi. Rijiyoyin da nake zuwa in ɓuya ke nan, kuma ga tsoho yana buɗe mini abin kunyar gidansu ba wanda ya tilasta shi. Na buɗe baki, sai wani mai shanu ya kira shi, na rufe bakina da murna irin ta matsorata.

Da ruwan farko ya sauka, a watana na biyar, zazzaɓi ya kama ni. Na sha maganin kemis, ya yi kamar zai tafi ya dawo da ƙarfinsa. A kwana na shida ko ruwa na sha sai ya dawo, ban iya tashi zaune sai an tallafe ni. Da hantsi Baba ya aika a nemo motar da za ta kai ni asibiti a Tamale. Kafin ta zo ya shigo ɗakin, ya ce wa Mma Adisa ta ba mu wuri, ya zauna a bakin tabarma.

"Dauda, ba fata nake maka ba, rai na Allah ne. Amma a gidan nan ba a fita da baƙo mara lafiya sai an ji ta bakinsa. Haka kakana ya yi, haka ubana ya yi. Fatake da yawa sun shigo ta zauren nan ba su koma ba, kuma maigida ne ke binne baƙonsa. Wa za a sanar?"

Na faɗi sunan Mama da lambarta. Ya maimaita har sau uku.

"Me za a aika mata?"

Na ce jakata kawai.

"To. Sauran kada ka damu. Wankanka ni zan yi da hannuna, ba zan bar wa kowa ba. Likkafani akwai a akwatina, nawa ne na ajiye, kai za a sa wa. Liman abokina ne. Kuma kusa da ubana akwai wuri, nan zan sa ka, Bazazzagi kusa da Bazazzagi."

Ban taɓa jin alherin da ya yi mini zafi kamar wannan ba. Na ga Mama ana gaya mata yadda aka binne ɗanta. Na kuma kalli hannuwan tsohon nan, na ga zan sa su yi aikin ibada a kan ƙarya, ya ba da likkafaninsa, ya tara mutane, bai san komai ba. Tsoron kora da na yi wata biyar ina goyo ya zama ƙaramin abu.

"Baba," na ce, "ni Kirista ne. Sunan ubana Yohanna."

Ina jin Mma Adisa tana kwashe ƙosai a waje.

"Butar fa?" in ji shi.

"Bakin rijiya nake zuwa in zauna."

Ya dafa bango ya miƙe, ya fita. Na ce a raina shi ke nan, yau za a fitar da jakata daga ƙarƙashin gado. Mma Adisa ta shigo da tsumma da ruwa tana goge mini goshi, ta ce, "Ni tun satin farko na gane. Wa ya taɓa ganin mai alwala sau biyar yana dawowa da ƙafa fururu haka?" Na tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta ce ai ba maganarta ba ce, kuma ta zaci zan yi hankali kafin yanzu.

Mota ta zo, Baba ba ya nan. Har an kama ni za a fitar, sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. Baba ne a baya, ya tattare babbar rigarsa a cinya, mai tuƙin kuma wani gajeren mutum riƙe da Littafi Mai Tsarki a cikin leda. Katikis ne, wato malamin cocin nan da nake laɓewa a bayansa. Ya durƙusa ya yi mini addu'a da Turanci da harshensu, Baba yana tsaye a bakin ƙofa ya juya baya. A mota gaba ya zauna, har muka kai Tamale bai waiwayo ba.

Sai a kwana na uku, da aka cire mini ƙarin ruwa na fara shan koko, Baba ya buɗe baki.

"Na biya wurin kafinta ran nan. An ce ku a akwati ake sa ku. Na ce ya dakata tukuna."

Na fara dariya, na ga shi ba dariya yake ba.

"Wata biyar kana fita da butata. Ka ci abincina, ka ji sirrin gidanmu. Da ka mutu ba ka yi magana ba fa? In binne ka yadda ba naka ba, uwarka ta zo ta tsaya a zaurena, in ce mata me? A ce gidan Zazzagawa ya saci gawa? A gidan nan an binne Bamaguje, aka nemo masa mutanensa suka yi abinsu har da giyarsu. An binne mutanen kurmi. Kakana mai laifi ne a abubuwa da yawa, amma bai taɓa sa wa mamaci rigar da ba tasa ba. Wa ya ce maka ɗakin na Musulmi ne? Na baƙo ne."

Na ce, "Baba, ka yafe mini. A garinmu ne muka saba haka." Na ba shi labarin tare hanya da tambayar suna, da lungunan da muke bi muna yara. Na zaci hakan zai sa ya huce.

"A ina?" in ji shi.

"A gida."

"A Zariya? Zariyar da kakana ya fito?"

Na ce e. Ya juya ya kalli taga. Daga ranar bai sake cewa in ba shi labarin gida ba, kuma wannan ya fi faɗansa yi mini ciwo.

Na yi wata biyu a gidan bayan na warke. Jakata tana nan a ƙarƙashin gadonsa, abinci bai fasa zuwa ba. Ranar Lahadi ina fita ta zaure da wankakkiyar riga, kowa na gani, ba wanda ya ɗaga kai. Amma Baba gaisuwa kawai yake amsawa. Ya daina yawo da ni a gari, zaman la'asar ya mutu. Nakan wuce in gan shi shi kaɗai a kan buzu, in rasa ta inda zan fara. Na kira Mama na gaya mata gaskiya duka, ta yi kuka, ta ce in dawo ko da hannu biyu ne. Da doya ta ƙare na ce wa Baba zan tafi. Ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Ban sa rai zai raka ni ba. Amma da safe na fito na same shi da sandarsa, jakata a gefensa. Muka taka har tasha. Ya wuce kai tsaye wurin direban motar Yandi, ya kama hannuna ya ɗora a kan nasa, ya ɗaga murya yadda duk wanda ke wurin zai ji.

"Wannan baƙona ne, Dauda ɗan Yohanna. Kirista ne. Ka kai shi wurin maigidan Yandi ka faɗa masa haka, shi ma ya faɗa wa na Jugu, na Jugu ya faɗa wa na Gaya. In ranar Lahadi ta same shi a hanya, a nuna masa inda nasu suke. In wani abu ya same shi, a san yadda za a yi da shi, kuma a sanar da ni."

Direban ya ce, "Baba, ai ga waya, ka kira su mana."

"Irin wannan saƙo baki da baki ake ba da shi." Sannan ya juyo gare ni, karo na farko cikin wata biyu ya dube ni sosai. "A zamanin kakana, saƙon nan har ƙofar gidanku zai kai ka. Yanzu bayan Gaya ban san kowa ba. Daga can sai ka yi ta kanka, ɗana."

Na durƙusa a cikin taɓon tashar nan na kama ƙafarsa, ya ce in tashi kada in ɓata wando.

Saƙon ya raka ni ko'ina. A Yandi wani tsoho mai sayar da fata ya ce, "Kai ne Kiristan Alhasan? Shigo." A Jugu Lahadi ta same ni, maigidan da kansa ya tsaya a ƙofar zaure ya nuna mini rufin cocin da sanda. A Gaya wani ɗan kasuwa ya ciyar da ni, ya sa ni a mota, ya ce wa direban, "Baƙon Salaga ne, a sauke shi lafiya." Ƙasa huɗu na ratsa kowa ya san ko ni wane ne, kuma ban taɓa yin barci mai daɗi a hanya kamar na wannan makon ba.

A Kamba motar ta sauke ni. Direban ya miƙo mini jakata, ya ce nan saƙonsa ya tsaya, ya juya. Na tsaya a tsakiyar tasha, ga tutar ƙasarmu, ga 'yan kamasho suna ta kiran garuruwan da na sani tun ina yaro. Na iso gida ke nan, kuma daga nan har Zariya babu wanda aka ba amanata. Na nemi benci a bayan wata rumfa na zauna, na yi kuka mai isata, sannan na tashi na nemi mota.